Jinin da ke Rigar Ƙwallo

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin ƙarfe? Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma fitowa tsakar gida tana yi mini faɗa a kan shara. Ka kuwa san mahaifiyarka, in ta fara faɗa to ta warke. Haƙorin Auta na gaba ya fita, ta ce kada in gaya maka sai ka zo ka ga giɓin da idonka. Ga shi na gaya maka, sai ka yi kamar ba ka sani ba.

Direban motar siminti ya ce har yanzu waya ba ta shiga wurin da kuke aikin gadar, shi ya sa na ajiye ɗinki na ɗauki biro. Maganar ɗanka Ƙwallo ce ta hana ni sakewa.

An rushe garejin da yake koyon gyaran mota. Da safe suka je suka tarar da katafila tana ture rumfuna, wai an sayar da filin za a gina kantuna. Ogansu ya kwashe kayan aikinsa ya koma garinsu, ya ce shi ma bai san inda zai sa kansa ba, balle 'ya'yan mutane. Ƙwallo ya zaga garejin kusa da na nesa, kowa ya ce yaran da ke hannunsa sun yi masa yawa. Filin bayan makaranta da suke buga ƙwallo da yamma shi ma an zagaye shi da kwano an sa maigadi. Saurayi da ƙarfinsa, ya tashi da safe ba inda ake jiransa.

Yanzu a bakin kwalbatin ƙarshen layi yake wuni, shi da abokinsa Shiru da su Ƙaho. Ka tuna Ƙaho, ɗan matar nan mai wanki? Shi ke zuwa na ɗaya a ajinsu. Da ubansa ya rasu sai yaron ya bar makaranta, wata rana aka haɗa da shi a wani kame da ba ruwansa, ya fito wani mutum daban. Yanzu shi ne babbansu. Akwai wata mota mai baƙin gilashi da ke tsayawa wurinsu a miƙo musu leda, in ta tafi sai ka ga idanun wasu sun yi jawur. Ban ga alamar namu ya taɓa ba, kullum ina duba idonsa kamar likita.

Yaran nan duk ni na ɗinka musu kayan makaranta. Na san mai yaga aljihu, na san mai tauna wuyan riga. Bakina ba zai iya kiransu 'yan daba ba, amma haka unguwa ta fara kiransu. Kuma ka duba layinmu, maza duk kun tafi nema, an bar mata da tsofaffi. Wa zai tsawata?

Don Allah ka rubuto masa takarda, tasa shi kaɗai. Ni in na yi magana sai ya yi dariya ya karɓe mini bokitin ruwa, maganar ta mutu ke nan.

Taka,
Maman Ƙwallo

*

Zuwa ga Telata,

Wa'alaikumussalam. Takardarki ta same ni ina saman ƙarfe, na sa ta a aljihu ban buɗe ba sai da na sauko na wanke hannu. Lafiyata ƙalau, sai idon da ke yi mini yaji in na wuni ina walda, amma wanda muke ɗaki ɗaya ya ba ni magani ina ɗigawa. Ki gaishe da Inna, ki ce ta ci gaba da faɗan, daga nan nake jin daɗinsa. Ki gaya wa Auta ban san komai ba.

Aiki na tafiya. Mun gama ƙafafun gadar, mun hau sama. Abincin wurin nan kuwa sai addu'a. Mai dafa mana tsohon leburan gini ne, ina jin har yau in ya tsaya gaban tukunya siminti yake zaton yana kwaɓawa.

Maganar gareji ta ɓata mini rai. Amma ki ji, don an rushe gareji ba shi zai sa mutum ya tare a kwalbati ba. Ni ma an taɓa rufe mana shago, na ɗora injin walda a baro ina bin gidaje. Ki gaya masa in ji ni, ya bar wurin nan, ya rabu da Ƙaho. In babu gareji ya tsaya a bakin titi da sifana, motoci ba su daina lalacewa ba.

Kin ce in rubuto masa. Na ɗauki biro na rubuta sallama, sai na rasa abin da zan ɗora. Ni da shi ba mu saba doguwar magana ba, ke kika iya shi. Ki karanta masa wannan wurin, ya isa.

Ki rage ɗinki in an ɗauke wuta, kada mu taru mu biyu muna lalube.

Mijinki,
Mai walda

*

Maigida,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Inna da Auta lafiya. Direba na ƙofa yana ta yi mini hon, ba zan tsawaita ba.

An yi tarzoma jiya. An zo rushe sauran rumfunan bakin kasuwa, wani mai tura baro ya ƙi matsawa, aka doke shi ya faɗi bai tashi ba. Kafin azahar unguwa ta kama. An ƙona tayoyi, an fasa kantuna, an yi harbi. Ƙwallo yana cikinsu. Ya shigo mini rigarsa jina-jina, ya canza ya sake fita, har yanzu bai dawo ba. Jinin ba nasa ba ne, kada hankalinka ya tashi. Zan rubuto maka bayani.

Maman Ƙwallo

*

Maman Ƙwallo,

Wa'alaikumussalam. Ina lafiya. Na ga takardarki.

Kin ce kada hankalina ya tashi don jinin ba nasa ba ne. To na wane ne? Wani a cikinmu yana da rediyo, mun ji an sassari wani tsoho maigadin kanti a wannan tarzomar. Na zauna ina haɗa maganar. Ɗana yana cikinsu, rigarsa jina-jina, jinin na wani ne, kuma ya gudu bai kwana gida ba. Wallahi da kin ce mini jininsa ne da ya fi mini sauƙi.

Na baro gidana ina kwana a ɗakin kwano, wuta na cin idona, don kada ku nemi komai a hannun kowa. Sakayyar ke nan? Ni ban haifi ɗan daba ba. In hannunsa ya taɓa jinin mutum, kada ya sake taka mini ƙofar gida, kada ya zauna kusa da Auta, in ya gan ni a hanya ya wuce. Tunda Ƙaho ya zaɓa, ya je Ƙaho ya zama ubansa.

Ke ma da laifinki. Yara na lalacewa a gabanki, ke kina tuna kayan makaranta.

Mai walda

*

Telata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da Auta. Ni jikina lafiya.

Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa ya sake komawa, hannunsa ba komai. Na tsare shi da tambaya, ya ce shi dai ya ba da takardata a ƙofar gida, ya ga Auta tana wasa, bayan haka bai san komai ba. Ya ce titin kasuwa cike yake da 'yan sanda, ba ya tsayawa.

Abinci ba ya shiga. Shekaranjiya na haɗa ƙarfe a karkace, shugaban aiki ya sa na yanke na sake, abin da bai taɓa faruwa da ni ba tunda na kama sana'ar nan. Ya dube ni ya ce ko in je in kwanta, na ce kwanciyar ta fi aikin wuya.

Na san na yi zafi a waccan takardar. Maganar da na yi miki a ƙarshe ban kyauta ba, ke kika fara ganin abin kika kira ni, ni ne ban amsa ba. Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma ki rubuto ko layi ɗaya ne. An kama shi? Yana raye? In shirun nan wani abu ne da kike tsoron gaya mini, ki gaya mini haka nan, zan ɗauka.

Mijinki

*

Zuwa ga maigidana,

Wa'alaikumussalam. Muna lafiya. Inna ta yi zazzaɓi ta warke, Auta lafiya lau. Ɗanka yana raye, ba a kama shi ba. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran.

Na yi shiru ne don duk sanda na ɗauki biro, abin da ke fitowa ba abin da mace za ta aika wa mijinta ba ne.

Jinin na Shiru ne. Harsashi ya same shi a cinya a bakin kasuwa, mutane na gudu suna tsallake shi, Ƙwallo ya goya shi har asibiti. Da ya shigo ya canza riga, asibitin ya koma, can ya kwana a ƙasa kusa da gadonsa. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da yaron ya tafi. Na rubuta maka jinin ba nasa ba ne don ka samu barci, ban san barcin zan hana ka ba. Gaggawa ta sa ban ƙarasa maganar ba, wannan nawa ne.

Ba zan ɓoye maka ba, ya yi jifa. Na tambaye shi, ya ce ya jefi katafilar har hannunsa ya gaji. Ya ce, "Mama, ita ce fa ta ture garejinmu, da fasasshiyar fitilarta na gane ta." Amma bai shiga kantin kowa ba, bai ma je inda aka taɓa tsohon nan ba.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Na riga na gaya masa na roƙe ka ka rubuto masa. Tun daga nan duk ranar zuwan direba sai ya tsaya a ƙofa yana goge takalmi kamar ba komai. Ranar da takardarka mai zafin nan ta zo shi ya karɓa, ya buɗe yana zaton tasa ce. Ya karanta a tsaye, ya ninke ta yadda take, ya ajiye mini a kan keken ɗinki. Ya ce, "Baba ya ce in je wurin Ƙaho." Ya sa kai ya fita.

Shi da su Ƙaho suna kwana a wani kango bayan tasha. Na dafa abinci na je da rana tsaka. Maigida, da ka ga wurin. Kwali a ƙasa, kwalaben maganin tari birjik, wasu yaran ko gashin baki bai fito musu ba. Da suka gan ni duk suka miƙe, wani ya ɓoye wuƙa a bayansa kamar yaron da ya saci sukari. Ƙaho ya share mini bulo da hannun rigarsa ya ce, "Mama, zauna."

Na ce na zo tafiya da ɗana. Ya ce, "Ni ban riƙe shi ba. Tun ranar da ya zo na ce masa ya koma, wurin nan ba na mai uba ba ne. Ya ce shi ma yanzu ba shi da shi."

Na ce, "Kai fa? Haka za ka ƙare?"

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Mama, na nemi aikin gadi, an ce an taɓa kama ni. Na koma dako, an rushe kasuwar. Mai motar nan mai baƙin gilashi shi kaɗai ke tambayata ko na ci abinci."

Na ce, "Shi ma ba don Allah yake tambaya ba."

Ya ce, "Na sani."

Ƙwallo na gefe ya juya mini baya. Ya dai ci abincin, har ya sha ruwan da na kawo. Na ce tashi mu tafi gida, ya ce gida na mai shi ne, kuma mai shi ya yi magana.

Mai baƙin gilashi ya fara zuwa kangon. Ana raɗe-raɗin akwai wani aiki da zai sa su, ban san irinsa ba, ba na kuma son in sani bayan an yi. Ni na yi iya yina. Kai ka rufe ƙofar nan, kai za ka buɗe ta.

Tawa maganar kuwa na yafe maka. Ka ci abinci.

Taka,
Maman Ƙwallo

*

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya jikin Shiru? Allah Ya ƙara masa sauƙi. Ni lafiya lau nake. Wannan takardar taka ce kai kaɗai, na ce ko mahaifiyarka kada ta buɗe, ko da yake ka san ta.

Ban iya magana ba, sai ka yi haƙuri da yadda ta fito. Na yanke maka hukunci ban ji ta bakinka ba. Na yi kuskure. Duk abin da na rubuta a waccan takardar na janye shi, ka yafe mini.

An ce ka goya abokinka ana harbi. Da na karanta wurin nan na fita bayan ɗaki na zauna, abokan aiki na tambaya ko rasuwa aka yi mini. Na ce a'a, ɗana ne ya girma ban sani ba. Ni kaina ban tabbata zan iya abin da ka yi ba.

Jifan kuwa ban ji daɗinsa ba, kuma ba zan ce maka na ji ba. Dutse ba ya yi wa katafila komai, amma mai bindiga yana ganin mai jifa. Da kai aka samu fa? Na san abin da aka yi muku. An ture wurin aikinku, an rufe filin wasanku, ba wanda ya tambaye ku ina za ku. Ni da ya kamata in tambaya, sai na aiko saƙo ta bakin uwarka wai ka tsaya a titi da sifana.

Ga magana. Injin ba da wutar da muke walda da shi kullum cikin mutuwa yake, makanikin wurin kuma ya manyanta, yana neman mai kama masa. Na yi wa shugaban aiki magana, ya ce ka zo a gwada ka. Ban ce masa ka gama iyawa ba, na ce dai hannunka na da kyau. Ɗakin kwano ne, akwai sauro, abincin kuma za ka gani da idonka. Amma akwai wuri kusa da katifata.

In ba ka son zuwa, ka koma gida. Gidanku ne, ba sai da izinina ba. In kuma ka ƙi duka biyun, zan ajiye aikin nan in zo kangon in zauna a kan bulo har ka gaji da ganina.

Ka gaishe da Ƙaho. Ka ce na ji abin da ya gaya maka, na gode masa.

Mahaifinka

*

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya idon? Mu nan lafiya lau. Inna na gaishe ka, ta ce in ka dawo akwai maganar da za ku yi, ka shirya kunnenka. Sabon haƙorin Auta ya fara leƙowa.

Ban buɗe takardar ba, ko da yake hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na kai masa kango. Ya karɓa ya shige wani lungu ya daɗe. Da ya fito idonsa ya yi ja, ya ce wani abu ne ya faɗa masa a ido. Ya miƙa wa Ƙaho ya nuna masa layin ƙarshe. Ƙaho ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya ce, "Tashi ka bi Mama kafin in karya ka." Shi ya ɗauko mini kwanuka, ya rako mu har bakin titi ya tsaya.

Bayan 'yan kwanaki 'yan sanda suka zagaye kangon suka kwashe duk wanda suka samu, har da Ƙaho. Mai baƙin gilashi ba a sake ganinsa ba, an ce yanzu a wata unguwar yake tsayawa. Uwar Ƙaho ta zo ta zauna gaban kekena, na tsayar da ɗinkin muka zauna tare. Washegari na raka ta ofishin 'yan sanda muka gano shi. Abin da ya fara tambayata shi ne ko Ƙwallo ya tafi wurinka. Na ce ya kusa. Ya ce madalla. Zan ci gaba da raka ta, ka sani.

An sallami Shiru, yana dogara sanda. Ƙwallo ya raba kayan aikinsa biyu ya bar masa rabi, ya ce in ƙafar ta yi ƙarfi ya fara da gyaran babura a ƙofar gidansu.

Wanda ya miƙo maka wannan takarda ka san shi. Ya rame, kada ka yi maganar. Kada ka yi masa wa'azi ranar farko, ko ta biyu. In ya yi shiru ba fushi ba ne, nauyinka yake ji. Kai ma na san shirun za ka yi, to ku yi abinku tare. Na sa masa gidan sauro da riguna, akwai sabuwa taka a ƙasan jakar, in ta yi maka yawa laifin mai dafa muku ne.

Tun bai tafi ba gidan ya fara yi mini faɗi. Maza biyu ke nan na ba gadar nan aro, in kun gama ta ku dawo mini.

Abu na ƙarshe. Ya taka kwalba a kangon, tafin ƙafarsa na hagu ya yanke, bai gama warkewa ba. Ba zai gaya maka ba, zai sa takalmi ya yi ta tafiya kamar ba komai. In ya zauna, ka ce ya cire ka gani.

Taka,
Maman Ƙwallo